Haƙƙin Ɗan Sarki a Akwatin Gilashi

A kogin Kwara da Binuwai, a tafkin Chadi da na Kainji, har zuwa Nilu da Bolta da kogin Senegal, akwai wani kifi da masunta ke kira ɗan sarki, wanda masana suka raɗa wa suna Gymnarchus niloticus tun 1829. Dogo ne, ba shi da fiffiken jela, ba shi da na ciki. Ban da wasu ƙanana biyu a gefen kai, fiffike ɗaya gare shi da ya bi gadon bayansa tun daga ƙeya har kusa da ƙarshen wutsiya. Da shi yake tafiya gaba, da shi kuma yake ja da baya ba tare da ya juya ba. Idan ya riƙa yakan wuce mita ɗaya da rabi, nauyinsa ya doshi kilo 20. Da rana yana laɓe cikin ciyawar ruwa, dare na yi ya fito farautar ƙananan kifaye. A wajenmu kifin miya ne mai tsada, Yarbawa ma har cikin kayan aure suke sa shi. Sai dai yana da wata kasuwa da yawancin masu cin sa ba su san da ita ba. Ana kama 'ya'yansa tun ba su wuce tafin hannu ba, a ƙulle su a leda da ruwa da iska, a ɗora a jirgi zuwa Turai da Amurka da Japan, inda ake sayar da su da sunan aba aba ga masu sha'awar ajiye kifi a akwatin gilashi cikin falo. Wannan sha'awa kuwa ta riga ta iso biranenmu, don yanzu ba abin mamaki ba ne ka shiga ofis ko gidan mai hali a Kano ko Abuja ka tarar da kifaye suna kai da kawowa a bayan gilashi.

Idan aka tambayi malami hukuncin ajiye kifin ado, amsar da aka saba ji ita ce ya halatta matuƙar ana kula da shi. Amsar daidai take, amma ta yi faɗi da yawa, kuma mai tambaya yakan riƙe rabinta na farko ya saki na biyu. Duk nauyin hukuncin a kan sharaɗin yake, sharaɗin kuma ba iri ɗaya ba ne ga kowane kifi. Ƙaramin kifin da iyakar girmansa ɗan yatsa ne, da ɗan sarki da zai kai tsawon yaro ɗan shekara goma sha biyu, ba za a ce fatawa ɗaya ta wadace su ba don kawai dukansu a ruwa suke. Abin da nake ganin dalili ya nuna shi ne, babban kifi mai farautar dare irin wannan ba ya samun haƙƙinsa a akwatin da falon gida zai iya ɗauka, wanda ya saye shi kuwa ya ɗaukar wa kansa amanar da tun ranar ciniki an san ba zai iya sauke ta ba.

Hujjar masu halattawa tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrashi yaron yana tambayarsa labarin tsuntsun, bai kuma tsawata wa gidan kan ajiye shi ba. Ibnul Ƙass, malamin Shafi'iyya, ya ciro fa'idoji sittin daga wannan hadisi ɗaya, kamar yadda Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari, kuma halaccin riƙe tsuntsu a keji yana cikin abin da malamai suka fahimta daga gare shi. Hatta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, malamai sun lura cewa an ambaci laifinta ne da abu biyu a haɗe: ta tsare kyanwar ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Daga nan suka fahimci cewa tsarewa tare da kulawa ba laifi ba ne. Ba a rasa mai saɓani ba; Ibnu Aƙil, Bahambalen Bagadaza, ya ɗauki kulle tsuntsu don jin daɗin kukansa a matsayin wauta da azabtarwa. Amma mafi yawan malamai sun tafi a kan halacci, ni ma ban ga dalilin fita daga cikinsu ba. Abin dubawa shi ne me hadisin kyanwa ya ɗora a kan mai tsarewa. Ya nuna cewa wanda ya raba dabba da hanyar neman abin da take bukata, shi ne ya zama madadin wannan hanya, kuma za a tambaye shi.

Malaman fiƙihu ba su bar maganar a dunƙule ba. A Muhtasar na Halil, wanda shi ne madogarar alƙalanmu tun da daɗewa, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya gaza a sayar da ita. Izzuddini ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan Hijira, ya fi kowa warware zancen a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mutum, a ciki har da cewa ya ciyar da ita irin ciyarwar da ta dace da jinsinta ko da ta tsufa ko ta yi ciwo ta daina amfani, kada ya haɗa ta wuri ɗaya da abin da zai cutar da ita, ya kyautata makwancinta, ya kuma haɗa mazan da matan a lokacin barbara. Ma'aunin a nan jinsin dabbar ne, ba ƙarfin aljihun mai ita ko faɗin ɗakinsa ba. To, akuyar da aka ɗaure a turke tana shaƙar iskar Allah, tana ganin rana, tana jin sanyin asuba. Mai ita dusa da ruwa da inuwa kawai ya ɗauke mata. Kifin akwati ba haka yake ba. Ruwan da yake numfashi a ciki, zafinsa da sanyinsa, tsabtarsa, haske da duhu, iyakar inda zai iya zuwa, duk a hannun mutum ɗaya suke. Kifi yana fitar da gubar amoniya cikin ruwan da yake zaune, mai cin nama kuwa ya fi kowa fitarwa. A kogi ruwa ne ke wucewa da ita. A akwati sai injin tace ruwa da ƙwayoyin halittar da ke zaune cikinsa, su kuwa in aka ɗauke wuta aka daɗe sai su fara mutuwa. Babu wata dabbar gida da mutum ke riƙe da rayuwarta gaba ɗaya kamar haka, don haka babu wadda sharaɗin kulawa ya fi tsananta a kanta.

Lissafin wuri ba ya bukatar malami. Akwati mai tsawon mita biyu, faɗi da zurfi santimita 60, yana cin lita 720 ta ruwa, wato nauyin kilo 720 ban da gilashi da yashi. A gidaje da yawa wannan ƙaton akwati ne da baƙo zai tsaya yana kallo. Amma kifin da ya kai mita ɗaya, balle ɗaya da rabi, bai fi ya matsa gaba kaɗan ya ja baya kaɗan a cikinsa ba, faɗin kuma bai kai tsawon jikinsa ba. Masu sayarwa sukan kwantar wa mai saye hankali da cewa kifi iyakar girman mazubinsa yake girma. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ƙunci da gurɓataccen ruwa suna tsumburar da shi, tsumburewa kuwa ciwo ce, ba dacewa da wuri ba. A mazauninsa na asali ɗan sarki yana bin ambaliya ya shiga fadama da damina, ya tara ciyawa ya gina sheƙa mai yawo a kan ruwa, a zuba ƙwai manya-manya kusan dubu, a tsare su da cizo. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da zai yiwu a falo. Ba a ma iya haɗa shi da ɗan'uwansa a akwati ɗaya, don ɗaya zai illata ɗaya, sauran kifaye kuwa abinci ne a wurinsa. Ke nan sharuɗɗa biyu na Izzuddini sun ci karo da juna a cikin gilashi: in ka haɗa shi da jinsinsa ka haɗa shi da mai cutar da shi, in ka raba su ka hana shi abin da aka halicce shi a kai.

Akwai kuma wani abu game da wannan kifi da ya sa lamarinsa ya fi na sauran nauyi. Idonsa ƙarami ne, ganinsa mai rauni ne, amma yana kewaya duwatsu da saiwoyi cikin baƙin duhu, har da baya-baya, ba ya karo. Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ne ya gano sirrin, ya wallafa a 1951 cewa jelar kifin tana fitar da wutar lantarki marar ƙarfi ba dare ba rana, bugu wajen 300 a kowace daƙiƙa. Ba irin ta minjirya ba ce da ke girgiza masunci. Wannan ba ta kisa, ba a ma jin zafinta. Kewaye jikinsa take yi, duk abin da ya shigo cikinta ya sauya yanayinta, fatar kifin ta ji sauyin. A 1958 Lissmann da abokin aikinsa Ken Machin suka nuna cewa yana iya bambance tukwane biyu masu kama ɗaya a ido, ta hanyar abin da aka ɓoye a cikinsu, wanda wuta ke ratsawa da wanda ba ta ratsawa. Shi ya sa yake riƙe jikinsa a miƙe sambal yana tafiya da fiffiken baya kaɗai, don kada lanƙwasa ta rikita masa ma'auni. Gilashi kuwa wuta ba ta ratsa shi. Mu muna ganin bangon akwati garau kamar babu shi, har mu ɗauka kifin ma yana kallon falo kamar yadda falo ke kallonsa. A wurin ɗan sarki bango ne toshe ta kowane gefe, kuma gaɓar da ya fi dogara da ita tana sanar da shi haka a kowane lokaci. Suratul An'am, aya ta 38, ta gaya mana cewa dabbobi al'ummomi ne kamar mu. Ɗaya daga cikin abin da wannan ke nufi shi ne kowace al'umma da yadda take sanin duniya, kuma ba da idonmu za mu auna ƙuncinta ba.

Daga nan ne saɓanin da ke cikin sha'awar kanta yake fitowa. Mutum ya sayi kifin ne don ya kalle shi, kifin kuwa an halicce shi ne ya ɓuya a lokacin da mutum ke farke. Mai akwati yana da zaɓi biyu. Ko ya ba shi duhu da maɓoya, ya wayi gari yana ciyar da abin da ba ya gani sai jefi-jefi, ko ya kunna fitila ya kwashe maɓoyar don baƙi su more. Mafi yawan mutane na biyun za su yi, ba don mugunta ba, sai don shi ne dalilin sayen tun farko. Abu Umair da tsuntsunsa a rana ɗaya suke rayuwa, lokacin wasan yaro shi ne lokacin kukan tsuntsu. A nan kuwa jin daɗin mai kallo ba ya samuwa sai an tauye wanda ake kallo, kuma wannan bambanci ya isa ya hana a yi ƙiyasi kai tsaye.

Wani zai ce duk wannan tausayi ne da aka ɗora inda bai dace ba, don kifi ba ya jin ciwo. Masana sun yi jayayya a kan haka, kuma ba a rufe ta ba. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sukotlan sun nuna cewa akwai jijiyoyin jin rauni a fuskar wani nau'in kifi, kuma idan aka sa masa abu mai zafi a leɓe yakan daina cin abinci na wani lokaci yana goga bakinsa a tsakuwa. Wasu, irin su James Rose da Brian Key, sun ce ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke mayar da rauni ya zama wahalar da ake ji. Dokar kare dabbobi ta Ingila ta 2006 ta sa kifin da ke hannun mutum cikin waɗanda take karewa. Amma Musulmi ba sai ya jira an gama wannan muhawara ba. Shari'a ba ta rataya haƙƙin dabba a kan sai an tabbatar da yadda take ji a ciki ba. Ta rataya shi a kan cewa mai rai ce kuma tana hannunka. Sannan idan shakka ta shiga tsakanin yiwuwar azabtar da mai rai shekara da shekaru da rasa wani abin ado, ba a bukatar dogon nazari kafin a san ɓangaren da ya fi sauƙin bari. Shirun kifi ma ba hujja ba ne. Akuya tana kuka, kare yana haushi, maƙwabta su ji su yi magana. Kifi ba shi da mai jin sa sai wanda ya tsare shi.

Hujjar da ta fi wannan kaifi ita ce ta masu cewa: ku da kuke kama shi da taru, ku kyafe shi, ku kai kasuwar Yawuri ko Baga, da wane baki za ku zargi wanda ya bar shi da rai yana ba shi abinci? Ga kuma masu kiwon tarwaɗa da ke cusa ɗaruruwa a tanki ɗaya. Amsar ita ce shari'a ta halatta kashe dabba don ci, ta haramta azabtar da ita don wasa, kuma ba ta ɗauki na biyun a matsayin mai sauƙi don kawai ba a zubar da jini ba. An hana a mayar da mai rai abin gwajin harbi, alhali an halatta farauta. Kibiyar ɗaya ce, manufar ce ta bambanta. Ɗan sarkin da masunci ya kama ya yi rayuwarsa cikakkiya a kogi, wahalarsa ta sa'o'i ce, kuma ya ciyar da iyali. Na akwati wahalarsa ita ce rayuwar tasa. Mai kiwon tarwaɗa shi ma ba a sallame shi ba, za a tambaye shi cunkoso da ƙazamin ruwa, sai dai yana da bukatar abinci da sana'a da za a ɗora a ɗaya gefen sikeli, kuma kiwon nasa na watanni ne. Mai ado ba shi da abin ɗorawa sai sha'awa. Sha'awa halas ce, amma ba ta da nauyin da za ta rinjayi cutarwa.

Akan kuma ce a akwati ya tsira daga taru da kada da ƙafewar ruwa, ga shi kuma yana ci yana girma. A nan ƙarfin halin kifin ne ke zame masa bala'i. Ɗan sarki yana da jakar iska a ciki da ke masa aiki kamar huhu, yakan taso ya shaƙi iska a saman ruwa, don haka yana jure ruwan da zai kashe wasu kifaye cikin kwana ɗaya. Mai shi sai ya ga bai mutu ba ya ɗauka lafiya lau yake. Raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Manzon Allah (SAW), a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, shi ma da ransa, yana tsaye da ƙafafunsa, amma aka kira mai shi aka yi masa faɗa kan yunwa da yawan aiki. Rashin mutuwa bai taɓa zama ma'aunin sauke haƙƙi ba.

Batun abinci ma yana da nasa. Ɗan sarki mafarauci ne, kuma babu laifi a kan mafarauci don ya yi farauta. Amma da yawa daga cikin masu ajiye irinsa abin da ya fi burge su shi ne su jefa ƙaramin kifi mai rai su tsaya kallon yadda za a cafke shi, wasu har su ɗauka a waya. A kogi ƙaramin kifi yana da ciyawa da duhu da faɗin ruwa, sau da yawa yakan tsere. A akwati ba shi da ko ɗaya, mutum ne ya shirya karon kuma ya toshe mafita. Tunda ana iya sabar wa irin waɗannan kifaye cin yankakken kifi ko jatan lande, jefa mai rai ya tashi daga larura ya koma nishaɗi, ya kuma yi kusa ƙwarai da haɗa dabbobi faɗa da malamai suka hana.

Sai ranar da kifin ya fi ƙarfin akwatin, kuma tana zuwa. Hukuncin Halil na a sayar yana aiki ga doki da saniya domin akwai masu saye. Wa zai sayi kifin mita ɗaya mai cizo da ke bukatar ɗaki guda? Manyan gidajen nuna kifi a Ingila sun sha kokawa kan yawan masu kawo musu kifayen da suka gagare su, har suka yi gangamin jan hankalin masu saye da masu sayarwa, don su ma ba su da wurin karɓa. Saki a ruwa mafi kusa kuma ɓarna ce ta daban. Wani kifin dare mai farauta daga yankin kogin Mekong, mai siffar wuƙa da ɗige-ɗige a gefe, ta hanyar kasuwar ado ya shiga tafkunan kudancin Florida da tafkin Laguna na ƙasar Filifin, inda ya addabi masunta da cinye kifayen da suke rayuwa a kai. Wanda ke zaune a bakin Kwara ya fi ɗan Turai mafita, tunda kifin ɗan gida ne, a ƙarshe kuma halas ne a ci shi. Amma ga mai saye a Landan ko Tokyo kusan duk ƙofofin a rufe suke tun kafin ya biya kuɗi. Wanda ya shiga abin da ya san ba shi da mafita ba zai kafa hujja da larura daga baya ba, kuma ɗan kasuwar da ya nuna masa ɗan kifi kamar tafin hannu ya yi shiru kan girman da zai yi, ya ɓoye abin da ya wajaba a bayyana a ciniki, yana da kasonsa.

Saura hujjar tunani cikin halittar Allah, wadda ita ce mafi kyawun abin da mai wannan sha'awa zai faɗa, kuma gaskiya ce kifin da ke gani da lantarki aya ce babba. Lissmann ma a tanki ya tsare shi kafin duniya ta san wannan. Amma tsarewar ɗan lokaci don ilmin da za a amfana da shi daban take da tsarewar har abada don ƙawata falo, kuma ilmin yanzu yana cikin littattafai da hotunan bidiyo ga duk mai so. Ban ce ƙofar a kulle take ga kowa ba. Wanda ke da halin gina tafki na dubban litoci, mai faɗin da kifin zai juya ya yi iyo, da maɓoya da duhu, da wutar da ba ta yankewa, da wanda zai ci gaba da kula da shi in shi ya yi tafiya ko ya rasu, ya kusanci cika sharaɗin, hukuncinsa kuma ya koma na asali, wato halacci. Irin waɗannan mutane kaɗan ne ƙwarai, kuma abin da suka gina ya tashi daga akwatin falo ya zama gidan kifi. Ga sauran, akwai ƙananan kifaye masu yawo da rana, masu zama cikin garke, waɗanda lita ɗari ko ɗari biyu ke wadatarwa, a kansu fatawar halacci ta zauna daram ba tare da an matsa mata ba.